Martani: Hukuma Ba Ta da Ɗan Gida da Bare

Na karanta sharhin da wani ɗan'uwa marubuci ɗan Filato ya yi kwanan baya a kan maganar 'yan ƙasa da baƙi a Jos, na ga bai kamata ya wuce babu amsa ba. Mutumin ya san abin da yake faɗa, ba mai neman ta da fitina ba ne, kuma masu irin ra'ayinsa suna da yawa, wasunsu ma su ne ke zaune a kujerun da ake sa hannu a takardun jama'a. Hujjarsa ita ce ƙabilun Filato ƙanana ne, ba su da wani wuri a duniya sai wannan tudu, saboda haka wajibi ne gwamna da shugabannin ƙananan hukumomi su fifita su wajen ɗaukar aiki da gurbin karatu da muƙami. A wurinsa takardar indijin ita ce garkuwarsu, wanda kuwa kakansa ya zo daga Kano ko Bauchi ko Anaca sai ya koma can ya karɓi tasa. Ya rufe da cewa ai a Kano ma ba a ba ɗan Birom takarda, to don me za a matsa wa Jos.

Malam, bari in fara da inda ba mu da saɓani. Tsoron da ke cikin rubutunka yana da tushe. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya ga tulin jar ƙasa da manyan kududdufai masu koren ruwa a dama da hagu, ya ga abin da haƙar kuza ta yi wa ƙasar Birom. Waɗannan ramuka gonakin acca ne a da. Turawa sun hau tudun nan a farkon ƙarni na 20, suka yanka wa kamfanoni filaye da alƙalami, aka yi shekara da shekaru ana kwasar kuza zuwa Ingila, sannan suka tattara nasu ya nasu suka bar wa masu ƙasa ramukan da har gobe yara da dabbobi ke faɗawa ciki. Kafin a kafa Lardin Filato a 1926, daga Bauchi ake juya wannan yanki, wato mutanen da kakanninsu suka hana dawakin sarakuna hawa duwatsunsu sun wayi gari Bature ya haɗa su da hukumar da suka daɗe suna ƙi. Sai a 1947 aka naɗa Rwang Pam a sarautar da ta zama Gbong Gwom Jos. Wanda ya taso yana jin wannan tarihi a bakin kakarsa, idan ya ji tsoron a mamaye shi, ni ban ga laifinsa ba, kuma Bahaushen da ke yi wa wannan tsoro dariya bai san garin da yake zaune ba.

Amma wa ya ci kuɗin kuzar? Leburan da suka haƙa ramukan nan da diga da shebur, suna ɗaukar ƙasa a kwano a ka, ba su ne suka sa hannu a takardun filayen ba. Hausawa ne da Barebari da Tibi da sauran talakawan Arewa da haraji ya koro daga ƙauyukansu, sai Yarabawa da Ibo da Urhobo da suka zo aikin akawu da kanikanci da kasuwanci. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layi ya biyo ta Kafanchan a 1927, garin ya cika da mutanen da kamfani ke nema ruwa a jallo. Da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. Hakimai suka riƙa ƙirga talakawa suna miƙawa, aka kwaso dubun-dubatar mutane daga lardunan Arewa aka zuba su a barikokin haƙa, babu isasshen abinci, babu bargon kirki a sanyin Jos. Da yawa a nan aka binne su. Jikokin irin waɗannan mutane na cikin waɗanda kake cewa su koma inda suka fito. Kamfanin da ya cinye gonar ya tafi da ribarsa, an bar jaki ana dukan taiki.

Zo mu duba abin da "su koma garinsu" ke nufi a aikace, domin a takarda maganar tana da sauƙi. Ka shiga Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos ka ɗauki yaro ɗan shekara 18. A Jos aka yanke cibiyarsa, a Jos aka haifi ubansa, kabarin kakansa yana maƙabartar garin nan. Ya ci jarabawa, ko an buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda ko soja, an ce sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ya san ba za a ba shi a inda aka haife shi ba. Uwarsa za ta sayar da akuya ko ta ci bashin adashi, a haɗa masa kuɗin mota, ya sa hotunan fasfo a leda, ya tafi tasha da asuba. Zai sauka a wani gari da bai taɓa gani ba, a jihar da sunanta kawai ya gada. Dagaci zai dube shi ya ce, ɗan gidan wa? Zai ambaci sunan kakan kakansa, a kira tsofaffin garin, kowa ya girgiza kai. A ƙarshe wani zai ja shi gefe ya gaya masa nawa ne. Zai biya, a rubuta masa sunan unguwar da bai san hanyarta ba, ya dawo gida da takardar da shi da wanda ya sa mata hannu duk sun san ƙarya ce. Hukuma ce ta koya masa wannan ƙarya tun kafin ya fara aikin gwamnati, sannan gobe mu zo muna kukan ma'aikata ba su da amana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Da zarar yaron ya karɓo waccan takarda, ta zama hujja a kansa har abada. Idan ya buɗe baki ya ce shi ɗan Jos ne, sai a zaro fayil a ce ga shi da hannunsa ya rubuta shi ɗan wata jiha ne. An rufe masa ƙofa, ya bi ta taga, an kuma kafa shaida da tagar. Wannan ma mai sa'a ke nan. Marayan da aka kashe ubansa a rikicin 2001, babu wanda ya rage da ya san sunan ƙauyen asali, ina zai nufa? Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi cikakken rahoto a kan wannan a 2006, ta nuna akwai 'yan Najeriya da babu ƙaramar hukuma ko ɗaya cikin 774 da ta yarda nata ne. Kuma kada mai karatu ya ɗauka kukan Hausawa ne kaɗai. John Mikel Obi a Jos aka haife shi, Ahmed Musa ma haka. A gasar cin kofin duniya ta 2018 ɗaya ne kyaftin, ɗaya ya zura wa Iceland ƙwallo biyu, garin nan kaf ya yi ta ihun 'ya'yansa ne. Yaron Ibo ko Bayarabe da ya taso a layi ɗaya da su, wanda ƙafarsa ba ta iya ƙwallo ba, a teburin takarda baƙo ne.

Mai yankan rasit kuwa bai taɓa tambayar indijin ba. Ka je kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da hazo bai gama tashi ba. Mata manoma sun sauke buhunan dankalin Turawa da kabeji da karas da koren wake, dillalai Hausawa na zagayawa suna taya, 'yan dako na loda manyan motocin da za su gangara Kudu, mai shayi na zuba wa kowa a kofi iri ɗaya. Ma'aikacin kuɗin shiga zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya biya, babu wanda za a ce wa kai kakanka daga ina. Haka a Katako, haka a Dilimi, haka a shagunan Ahmadu Bello Way. Idan hannun hukuma bai san bare ba ranar karɓa, da wane dalili zai san shi ranar bayarwa? Ban ga inda ka amsa wannan a sharhinka ba.

Ka jingina da tsarin mulki, ka ce shi ya kawo maganar ɗan asali. Gaskiya ne sashe na 147 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, ya kuma zama ɗan asalinta, sashe na 14 kuma ya kawo tsarin raba-daidai don kada wasu su cinye muƙaman tarayya su kaɗai. Wannan tsari an yi shi ne don irin ƙabilun da kake karewa, ni ma ina goyon bayansa. Amma kundin nan na 1999 bai tsaya a nan ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya ikon zama a duk inda ya so, na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina, na 42 ya hana hukuma nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko inda asalinsa yake, na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar masa da cikakken haƙƙin zama. Babu sashen da ya ce a caji ɗansa kuɗin makaranta fiye da na ɗan maƙwabcinsa, ko a hana 'yarsa aikin jinya a asibitin unguwarsu. Waɗannan ma'aikata ne suka ƙirƙiro su a ofis, ma'aikata ne kuma za su iya soke su. Hatta ƙa'idar hukumar raba-daidai ta tarayya ta bar wa ƙaramar hukuma damar karɓar mutum a matsayin nata. Gwamna kuma ranar da ya ɗora hannu a kan Littafi ya yi rantsuwa, alƙawarin da ya ɗauka shi ne zai yi wa kowane irin mutum adalci bisa doka, ba tsoro, ba son kai, ba ƙiyayya. Bai ware masu takarda ba.

Yanzu mu zo kan garkuwar, domin nan ne zuciyar maganarka. Ina so ka nuna mini rai guda da takardar nan ta kare. Ni abin da na gani shi ne ta mayar da kujerar shugaban ƙaramar hukuma abin a mutu ko a yi rai, domin wanda ke kan kujerar shi ke riƙe da alƙalamin da ke cewa wane ɗa ne, wane bare. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991 ake wannan ja-in-ja. A Afrilun 1994 kantoman soja Mohammed Mana ya naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo, aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, ranar 12 ga wata gari ya kama da wuta. A 2001 naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad a matsayin jami'in shirin rage talauci na ƙaramar hukumar ne ya ɗumama gari, ranar Juma'a 7 ga Satumba abin ya fashe a unguwar Kongo-Rasha, cikin mako guda aka rasa rayuka kusan 1,000. A Nuwamban 2008 zaɓen wannan kujera dai ya ci mutum aƙalla 700 cikin kwana biyu, sama da 130 daga cikinsu a hannun 'yan sanda da sojoji, kamar yadda Human Rights Watch ta tattara. Kirista ya mutu, Musulmi ya mutu, mai takarda ya mutu, marar ita ya mutu. Garin da a da maƙwabta ke aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti ya rabe unguwa-unguwa, har mai Keke ya san iyakar da zai tsaya ya ce wa fasinja daga nan sai dai ka nemi wani. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a Fabrairun 2002 ta kwashe sama da shekara 20 tana kango.

Mutanen Dogo Nahawa da aka yi wa yankan rago a daren 7 ga Maris 2010, galibinsu mata da yara, Birom ne, babu mai shakkar asalinsu. Mutanen ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da aka afka wa a jajibirin Kirsimetin 2023, aka kashe sama da 150, 'yan ƙasa ne na gaban goshi. Sanata Gyang Dantong ya rasa ransa a Yulin 2012 a wurin jana'izar mutanensa. Takarda ba ta tsaya wa ko ɗayansu ba. Abin da zai tsaya musu shi ne jami'in tsaron da ke zuwa idan an kira shi, da mai gabatar da ƙarar da ba ya ɓatar da fayil, da alƙalin da ke yanke hukunci. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mutanen Kuru Karama suka rasa a Janairun 2010, da aka kashe Musulmi aƙalla 150 aka jefa gawarwaki a rijiyoyi. Shi ne abin da Yelwan Shendam ta rasa sau biyu a 2004, a Fabrairu da aka kashe Kiristoci har a cikin coci, da kuma a Mayu da aka kashe ɗaruruwan Musulmi, har Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye.

An kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Fiberesima, an kafa na Mai Shari'a Niki Tobi, an kafa na Bola Ajibola, tarayya ta kafa na Janar Abisoye, aka zo aka kafa na Solomon Lar. Mutane sun je sun ba da shaida suna kuka, sun ambaci sunaye. Rahotannin sun yi shekaru a kulle, waɗanda aka taɓa yanke wa hukunci kuwa ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da yawan kaburbura. Ni a ganina dalilin bai ɓuya ba. Ma'aikacin da ya saba tambayar "ɗan ina ne" a kan tebur, ita zai yi a kan gawa. Idan mamacin nasu ne a yi taron manema labarai, idan na wasu ne a ce ana bincike. Idan wanda ake zargi nasu ne a nemo masa beli, idan na wasu ne a cika mota da duk wanda aka samu a layin. Kowane ɓangare a Filato yana da labarin ranar da aka yi masa haka, wani a hannun jiha, wani a hannun tarayya, kuma duk gaskiya suke faɗa. Daga nan ne kowa ya koyi ɗaukar fansa da hannunsa. Ranar 14 ga Agustan 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi za su Jihar Ondo, aka kashe sama da 20. Kwana 10 bayan haka aka shiga Yelwa Zangam da dare aka kashe Anaguta sama da 30. A Yunin 2025 'yan ɗaurin aure daga Zariya suka ɓata hanya a ƙasar Mangu, aka hallaka fiye da 10 daga cikinsu. Babu ɗayan waɗannan bayin Allah da ya san wanda ya kashe shi, ko ya taɓa yi masa laifi.

Sai maganar Kano. Ka yi gaskiya, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ɗan Birom ko Angas ko Ibo da aka haifa a Sabon Gari, ubansa ma a nan aka haife shi, yana shan irin wahalar da yaron Gangare ke sha. Kanawa kan yi alfahari da cewa garinsu na haɗiye baƙo, suna nuna Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi da Agadasawa, unguwannin da zuriyarsu ta zama Kanawa tsantsa. Hakan ya faru. Amma wanda ya shigo da addini ɗaya da masu gari ne ƙofar ta fi buɗe wa, Kirista kuwa yakan shekara 50 yana bakin zaure, yana fama da neman takardar filin coci. A Mayun 2004 an kashe mutane da yawa a Kano da sunan ramuwar Yelwa, mutanen da ba su san hanyar Shendam ba. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalinta ba, alhali mafi yawansu Ibo ne 'yan'uwansu. Cutar ta game ƙasa. To amma zaluncin Kano ya zama lasisin zaluncin Jos? Idan kowace jiha za ta jira maƙwabciyarta ta fara gyarawa, jikokinmu za su gaji wannan gardama yadda muka gaje ta. Abin da nake nema wa yaron Gangare a wurin gwamnan Filato, shi nake nema wa yaron Sabon Gari a wurin gwamnan Kano, da murya ɗaya, kuma ina kira ga marubutan Kano da Katsina da Sakkwato su faɗa da bakinsu.

Ina da magana da 'yan'uwana Jasawa ma, wato Hausawan Jos. Mun daɗe muna kafa kukanmu a kan cewa mu muka kafa garin, muna lissafa sarakunan Hausawa da suka yi Sarkin Jos kafin 1948. Tarihi ne da ya cancanci a rubuta shi, amma a matsayin hujjar neman haƙƙi yana jawo mu cikin filin da marubucin nan yake so a yi wasan, wato filin wa ya riga wa. Taron zaman lafiya na 2004 a zamanin dokar ta-ɓaci, ƙarƙashin Janar Chris Alli, ya ce Afizere da Anaguta da Birom ne 'yan asalin Jos, wakilan Hausawa suka ƙi amincewa, aka tashi kowa na kan bakansa, kuma ko shekara 100 za a ƙara ba mai sallama wa wani. Haƙƙin yaro na shiga makaranta bai kamata ya jira a gama wannan shari'a ba. Wanda ya sauka a tasha shekara 15 da ta wuce, ya kama haya, yana biyan haraji, shi ma yana da haƙƙi a kan hukuma, ko da kakansa bai taɓa jin sunan Jos ba. Sarautar Gbong Gwom da wuraren al'ada da gonakin gado suna da masu su, a bar musu abinsu da mutunci. Asibiti da makaranta da ofishin 'yan sanda da kotu na duk wanda ke zaune ne. Kuma duk wanda ke neman a ji kukansa a cikin gari, dole a ji muryarsa ranar da aka ƙone ƙauye a Riyom ko Bassa ko Bokkos. Shirun da wasunmu ke yi a irin wannan rana yana cikin abin da ke ƙara wa marubucin nan magoya baya.

Malam, ka tuna Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi. A Yunin 2018, da mahara suka afka wa yankin, dattijon nan mai shekara 83 ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci Birom, ya fita ya tsaya a gaban masu bindiga ya ƙi ba da hanya. Amurka ta karrama shi a 2019. A ma'aunin da ka kawo, shi da 'ya'yansa da jikokinsa baƙi ne da ya kamata su je wata jiha neman takarda. Ka auna wannan da zuciyarka.

Akwai kuma waɗanda ko a gardamar ba a sa su. Masu ga-ruwa da masu gadi da masu wankin takalmi da suka zo daga Nijar, waɗanda duk lokacin da gari ya rikice su ake fara kwashewa. Bayan rikicin 2008 an yi ta shelar sojojin haya daga Nijar da Chadi, kalmar ta zauna a bakin mutane, ta zama tambari a goshin duk wani talaka mai tura kurar ruwa. Wanda ya yi laifi a kama shi da sunansa, a kai shi gaban alƙali da shaida. Hausawan zango a Gana sun ɗanɗana irin wannan kuɗin goro a 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fice, mu ma muka yi wa 'yan Gana a 1983. A 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta jefar da shi a Chadi ta ce ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan an iya yi wa ɗan majalisa haka, mai ga-ruwa fa? Sannan ga 'yan gudun hijira na Mangu da Bokkos da Riyom da Bassa, manoma da makiyaya, da ke kwana a azuzuwan makaranta da gidajen dangi, wasu gonakinsu na hannun wasu, wasu shanunsu sun ƙare. Su ma rabon kayan agaji da diyya bai kamata ya bi layin ƙabila ba.

A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai ba wanda ya shekara 10 a wuri matsayin ɗan asali, aka yi masa ca har ya janye. Wannan ya nuna gyaran tsarin mulki ba nan kusa ba ne. Amma mafi yawan abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya a Jos ba ya buƙatar Abuja.

Mai girma Gwamna Caleb Mutfwang, kai lauya ne, ka kuma taɓa riƙe ƙaramar hukumar Mangu, ka san nauyin alƙalamin da ake sa hannu da shi a wannan takarda. Muna roƙonka ka umarci ƙananan hukumomi 17 na jihar nan su fito da takardar shaidar zama, a ba duk wanda aka haifa a wurin ko ya daɗe yana zaune yana biyan haraji, da ƙa'ida a rubuce wadda kowa zai karanta a bango. A karɓe ta a makarantun jiha da hukumar tallafin karatu da wajen ɗaukar malamai da ma'aikatan lafiya. A buɗe rahotannin kwamitocin nan, a miƙa wa babban lauyan jiha sunayen da ke ciki, na Kuru Karama da na Dogo Nahawa a rana ɗaya. A mayar da 'yan gudun hijira ƙauyukansu da tsaron da zai kwana tare da su. Idan duk wannan ya yi yawa a lokaci guda, a fara da mafi sauƙi: daga zangon karatu mai zuwa, duk yaron da aka haifa a Filato ya biya kuɗin makaranta daidai da na ɗan ajinsu.